Hoton Taurarin Adar: Shaida Ko Ado?

Ƙasar Adar an san ta da albasa, da duwatsu, da mazaje masu tafiya biɗa. Akwai kuma wata dukiya bisa kan kowane mutumin Madawa da Buza da Keita wadda ba a cika lissafa ta ba, domin ba a kai ta kasuwa. A shekarar 2016 wasu masana, ƙarƙashin wani ɗan Italiya mai suna Fabio Falchi, suka fitar da taswirar yadda hasken lantarki ya dusashe sararin sama a duniya. Abin da suka samu shi ne, mutum ɗaya cikin uku a doron ƙasa ba ya iya ganin farin layin nan na taurari da ke ratsa sama daga gefe zuwa gefe. A Turai mutum shida cikin goma sun rasa shi, a Arewacin Amurka kusan takwas cikin goma. Yaron da ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida a Tamaske ko Karofan kuwa, buɗe ido kawai zai yi. Har mazauninmu ma ya yi mana gata. Muna wajen digiri 14 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka cibiyar wannan layi, inda ya fi kauri da haske, tana hawa kusan digiri 47 a samanmu, alhali a Paris da ƙyar take ɗagowa digiri 12 daga ƙasa. Ta kudu kuma muna ganin Suhailu sarai, tauraron da mutumin Ingila bai taɓa hangowa daga ƙofar gidansa ba.

Yanzu waya ta shigo tsakani. Tecno da Infinix da Samsung da ke aljihun samari, da yawansu suna da tsarin ɗaukar hoton dare. Malamin lakwal da aka tura ƙauye, da ɗalibin da ya dawo hutu daga Tawa, da mai garkar albasa a kwarin Tarka da kan kwana gadin injinsa, kowa na iya jingina waya da dutse ya ɗauko wata ko taurari, gari na wayewa ya saka a WhatsApp ko Facebook. Sha'awa ce da ba ta daɗe da isowa ba, amma ta zo da gardamarta. Wasu na ganin alheri ne tsantsa, a saka kowa ya gani. Wasu na ganin wasan ƙoshi ne, wanda ƙarya ta yi wa yawa, a ƙasar da ke da abin da ya fi wannan zafi. Ni ina tare da masu sakawa. Sai dai masu suka suna riƙe da hujjojin da ba a ture su da hannu ɗaya, kuma duk wanda ya saka hoton sama bai saurare su ba, zai yi ɓarna yana zaton gyara yake.

Sai an san yadda ake yin hoton kafin a gane inda gardamar ta samo tushe. Idon mutum yana karɓar haske ya sake shi nan take, kyamara kuwa tana iya tarawa. In aka kafe waya aka bar idonta a buɗe daƙiƙa goma zuwa ashirin, hasken da ya yi wa ido rauni zai taru har ya bayyana. Ba a wuce haka da yawa, domin duniya na juyawa digiri 15 a kowace awa, in aka daɗe sai taurari su koma zare-zare. Masu gwaninta sukan ɗauki hoton wuri guda sau talatin ko ɗari, su ɗora su bisa juna da manhaja, su tace, sannan su ƙara wa launi ƙarfi. Ido a cikin duhu ba ya rarrabe launi sosai, shi ya sa layin nan toka-toka muke ganinsa. A hoto kuwa sai ka ga ja da ruwan zinariya da shuɗi, abin da babu kakan da ya taɓa gani daga tudun Buza.

Daga nan masu suka suka kama. Suka ce: ɗan'uwa, wannan ba abin da ka gani ba ne. Bahaushe ya ce gani ya kori ji, kuma da wannan amana ce mutane ke buɗe hoto. Suna ɗauka wani ya gani da idonsa ya kawo masu. To yanzu waya da kanta ta koyi ƙari. A watan Maris na 2023 wani mutum ya samo hoton wata ya dusashe shi da gangan har ya zama farin dunƙule, ya buɗe shi a fuskar kwamfuta cikin ɗaki mai duhu, sannan ya koma nesa ya ɗauke shi da wayar Samsung Galaxy. Hoton da wayar ta fitar ya zo da ramukan wata da tabonsa tsaf, abubuwan da babu su a gabanta. Kamfanin ya yi bayani cewa wayar na da ƙirƙirarriyar basira da aka horar ta gane wata ta kuma fito da zanensa. Ke nan mutum na iya ɗaukar hoto da zuciya ɗaya, ya rantse shi ya ɗauka, kuma rantsuwarsa gaskiya ce, amma rabin abin da ke ciki daga ƙwaƙwalwar na'ura ya fito. Balle kuma wanda ya kwaso hoton hamadar Chile ko Namibiya ya rubuta sunan Keita a ƙasa, ko wanda ya sa manhaja ta zana masa sama daga babu.

Da abin ya tsaya kan ado, da da sauƙi. Amma a ƙasarmu akwai hoton sama guda ɗaya da ke iya raba gari biyu, shi ne na jinjirin wata. Daren 29 ga Sha'aban da na 29 ga Ramadan, jama'a na jiran sanarwar majalisar addinin Musulunci daga Yamai, 'yan'uwanmu na ƙetaren iyaka na jiran ta Sarkin Musulmi daga Sakkwato. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, an yi salla a Bangi yau, a Sabon Birni sai gobe, alhali dangi ɗaya ne, kasuwa ɗaya suke ci. A irin wannan dare, kafin a idar da sallar isha'i, hotunan jinjirin wata sun cika wayoyi, kowanne da sunan garin da aka ce an gan shi. Ba a faɗin wanda ya ɗauka, ba a faɗin ƙarfe nawa. Wani na bara ne, wani na wata ƙasa ne, wani watan kwana uku ne. Mai hankali ma yakan rikice, ina ga wanda dama zuciyarsa ta karkata ga a ce an gani.

Akwai ma abin da ya fi hoton ƙarya wuyar sha'ani, wato hoton gaskiya na watan da ido ba zai iya gani ba. Tun a shekarun 1930 masanin Faransa André Danjon ya nuna cewa in tazarar wata da rana ba ta kai wajen digiri 7 ba, jinjirin ba ya bayyana ga ido. Watan da ya fi ƙuruciya da aka tabbatar an gani da ido tsirara, an gan shi ne awa goma sha biyar da rabi bayan haihuwarsa, a 1990. Amma ranar 8 ga Yuli 2013 wani Bafaranshe mai ɗaukar hoton sama, Thierry Legault, ya kama jinjirin wata da rana tsaka, a daidai lokacin haihuwarsa, tazararsa da rana ba ta kai digiri 5 ba, da madubin hangen nesa da kyamara ta musamman. Hoton nan babu ƙarya a ciki. Babu kuma mahaluƙin da ya ga watan nan da idonsa a ranar. Ko irin wannan na shiga cikin ganin da shari'a ke nufi, magana ce ta malamai, kuma sun yi saɓani a kanta. Abin da ya tabbata shi ne, mai waya ba shi ne zai yanke ta ba ta hanyar watsa hoto kafin sanarwa. A nan masu suka sun yi gaskiya ɗari bisa ɗari, kuma ban ga amsar da za a ba su ba face a bi maganarsu: wanda ya ɗauki jinjirin wata a irin wannan dare, ya kai wa limami ko hukumar da ke karɓar shaida, ya faɗi inda ya tsaya da lokacin da ya ɗauka, ya kuma faɗi ko idonsa ya gani ko wayar ce kaɗai ta gani.

Inda na rabu da su shi ne inda suka ce, tunda haka ne, a bar abin gaba ɗaya. Ƙarya ba ta jiran mai gaskiya ya ba ta izini. In masu kula suka janye hannu, hotunan bogi ba za su ragu ko da ɗaya ba; abin da zai ragu shi ne masu iya gane su. Saurayin da ya shekara yana bin wata da waya ya san cewa a ƙasarmu jinjirin magariba yakan kwanta ne kamar ƙwarya, ƙahonsa biyu na kallon sama da ɗan karkata, domin gefen da ke haske kullum shi ne mai fuskantar inda rana ta faɗi. In aka turo masa wata a tsaye ƙyam, ya san daga ƙasashen arewa mai nisa hoton ya fito, ko kuma an juya shi. In ya ga wata mai kauri a daren da ake neman na kwana ɗaya, ya san tsoho ne. Gari mai irin wannan saurayi biyar ya fi wuyar ruɗawa a kan garin da ba shi da ko ɗaya.

Tara haske kuma ba ƙarya ba ne, matuƙar an faɗa. Launin da kyamara ta fito da shi yana can, idonmu ne bai kai ba. Bambancin mai gaskiya da maƙaryaci a wannan fage bai wuce layi biyu da ake rubutawa a ƙarƙashin hoto ba: ga ranar, ga yankin, ga wayar, ga daƙiƙa nawa, ga abin da na ƙara. Mutanen Madawa sun fi kowa cancantar sanin darajar hoto mai kwanan wata. Lokacin da duniya ke cewa hamada ta gama cinye Sahel, Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka da Chris Reij ɗan Holan sun jera hoton ƙauyen Galma da aka ɗauka daga jirgi a 1975 kusa da wanda aka ɗauka a 2003. Kowa ya ga itatuwa sun ninka a gonakin da aka ce sun mutu. Hotunan nan biyu sun zaga tarukan duniya, sun taimaka aka yarda cewa manoman Nijar sun raya miliyoyin kadada da hannunsu. Ba don kyau suka yi wannan aiki ba, sai don an san ina ne, an san yaushe ne.

Hujja ta biyu ta masu suka ita ce ta fi taɓa ni. Suka ce: duhun da kake yabo, Malam, shi ne duhun da ungozoma ke karɓar haihuwa da fitilar waya a cikinsa. Shi ne duhun da ɗalibi ke rufe littafi tun bayan magariba saboda shi. Samanmu ta yi tas ne domin wajen mutum ɗaya cikin biyar kaɗai ke da lantarki a Nijar, a karkara kuwa abin bai kai haka ba ko kusa. Tashar hasken rana ta Malbaza da aka buɗe a 2018 megawat 7 ce, ga jiha guda mai miliyoyin mutane. A watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, wadda a lokacin ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi, ba a mayar ba sai Maris 2024. A watannin nan taurari sun ƙara fitowa a bisa garuruwa, masu ƙanƙara da masu walda da masu injin niƙa kuwa suna kuka. Wane ne zai tsaya gaban waɗannan ya ce ku dubi kyawun sama? Kuma in hoton ya isa Turai, mai kallo zai ce kai, waɗannan sun ji daɗi, bai san farashin da ake biya ba.

Ba ni da niyyar rage wa wannan magana nauyi. In aka ce in zaɓa tsakanin taurari da wuta a ɗakin haihuwa na Dewule ko Garhanga, wuta zan zaɓa, ba tare da na ɗaga kai sama ba. Duk mai saka hoto da ya rubuta a ƙasa cewa Allah ya bar mana duhunmu, bai yi wa maƙwabcinsa adalci ba. Amma zaɓin ba haka yake ba. Hasken da ke kashe taurari shi ne wanda ke tashi sama, inda babu mai karatu, babu mai haihuwa. Fitilar titi mai hula, wadda ke zuba haskenta ƙasa, ta fi haska hanya, ta fi tsimin batir, kuma ɓarnarta ga sama kaɗan ce. Turai ta kafa fitilunta kafin ta san wannan, yanzu tana kashe kuɗi tana gyara. Mu kuwa yanzu ake kakkafa fitilun sola a tashoshi da kasuwanni da bakin masallatai, ke nan yanzu ne maganar ke da amfani, kuma ba mai ɗaga ta sai wanda ya damu da sama. Wani bincike da Christopher Kyba da abokansa suka fitar a 2023, daga rahoto sama da 51,000 da mutane masu sa kai suka aika tsakanin 2011 da 2022, ya nuna hasken da ke rufe taurari na ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100 a kowace shekara. Yaron da aka haifa inda ake ganin tauraro 250, kafin ya kai shekara 18 saura 100. Galibin rahotannin nan daga Turai da Arewacin Amurka suka fito. Samaniyar Adar ta yau tana bukatar wanda zai ajiye shaidarta, domin a san abin da aka samu da abin da aka rasa idan wuta ta zo.

Akwai kuma wata asara da ta riga lantarki isowa, ita ce ta sunaye. Manhajar da saurayi ke ɗagawa sama tana gaya masa sunan kowane tauraro da Girkanci ko Latin, ko da Larabcin da bakin Turawa ya tauna. Ba ta san Kaza da 'ya'yanta ba, wadda malamai ke kira Surayya, Buzaye kuma suke kira 'yan matan dare. Ba ta san Zara matar wata ba, ba ta san Gamzaki ba. Ba ta san Amanar ba, jagoran da Buzayen Azarori da na Keita suka gada daga kakanninsu matafiya. Ba ta san cewa in Kaza ta ɓace a yamma cikin bazara, ta sake ɓullowa da asuba a watan Yuni, manomi ya fara duba irinsa ba. Malaman hisabi sun raba shekara gida 28, kowane tauraro kwana 13, Jabha kaɗai ke da 14, jimla 365. Har yau akwai dattawan da in ka tambaye su ina damina ta kai, ba za su ce maka Yuli ko Agusta ba, sai su ce Zira'a ta fita, Nasara ta shiga, ko ana cikin Ɗarfa. Ilimin nan ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Muhammad al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, da rubutunsa kan lissafi da taurari aka san shi a Masar. Masu riƙe da ilimin a ka suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. A ganina, mafi girman amfanin wannan sha'awa shi ne saurayi ya kai wa tsoho waya ya ce, Baba, wannan mene ne sunansa, kuma me kuke ganewa in ya fito? Sannan ya rubuta amsar a ƙarƙashin hoton, da Hausa, ya ambaci cewa daga bakin dattijon garinsu ya ji. Hoton da aka saka da sunan Turanci kaɗai, ko da a Ibohaman aka ɗauke shi, bai ƙara wa duniya abin da ba ta da shi ba.

Wasu kan ji tsoron kada abin ya gangara zuwa duba. Malamai sun daɗe da shata iyaka: sanin lokaci da alƙibla da hanya ta tafiyar taurari halas ne, jingina ruwa ko arziki ko ajali ga tauraro kuwa haramun ne. Hoto da bayani yana ƙarfafa wannan iyaka. A tsakiyar Oktoba 2024 tauraruwa mai wutsiya ta bayyana a yamma bayan magariba, kuma kowa ya san abin da karin magana ya ce game da ganinta, cewa ba alheri ba ne. Wanda ya saka hotonta ya ƙara da cewa dunƙulen ƙanƙara da ƙura ne, masana sun gano ta tun farkon 2023, sun kuma faɗi lokacin zuwanta watanni kafin ta zo, ya kwantar da hankalin mutane. Haka jerin fitilun nan da kan bi juna a sama da dare, waɗanda taurarin ɗan'adam ne na Starlink da aka fara harbawa rukuni-rukuni tun Mayu 2019. A yankin da kowane baƙon haske a sama ke sa gaba faɗuwa, mai iya cewa ga abin da kuka gani ya yi wa gari hidima.

Sai maganar mallaka. A Nuwamba 2023 aka tsinci wani dutse a jihar Agadas, nauyinsa kusan kilo 25, wanda ya tabbata shi ne ɓangaren duniyar Mars mafi girma da aka taɓa samu a doron ƙasa. A Yuli 2025 gidan gwanjo na Sotheby's ya sayar da shi a New York kan dala miliyan 5.3. Gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda ya fita, a watan Agusta kuma ta dakatar da fitar da irin waɗannan duwatsu. Masu suka na cewa haka abinmu yake tafiya kullum: a ɗauka a nan, a ci riba a can. Ka saka hotonka yau, gobe ka gan shi a shafin wani mai mabiya dubu ɗari, an yanke sunanka, an yanke sunan garinka. Hakan na faruwa, kuma zalunci ne. Amma hoto ba dutse ba ne. In an kwafa, na asali na hannunka, da kwanan watansa a cikinsa. A rubuta suna da yanki a jikin hoton, a adana na asali, in kuma kai ne ka ga na wani ya burge ka, ka nemi izini ka ambace shi. Ɓoyewa ba ta maganin sata a nan, sai dai ta bar fagen ga wasu su ba da labarinmu.

Kuma mun ga yadda suke bayarwa. Tun yunwar 2005, in aka ambaci Madawa ko Buza a kafafen waje, hoton yaro ne a kan sikeli. Tun da aka fara aikin raya karkara na Keita a 1984, da kuɗin Italiya da hannun hukumar abinci ta FAO, hotunan mata ɗauke da duwatsu a ka sun cika rahotanni a Roma. Aikin ya yi amfani, yunwar ma gaskiya ce. Amma mata nawa ne cikin waɗancan suka taɓa riƙe hoton kansu a hannu? Wannan karo kyamarar na hannun ɗan gida, kuma abin da yake nunawa abu ne da muka fi masu kallo. Ɗan biɗa da ke Abijan ko Legas ko Duwala, wanda ya shekara biyu bai ga Kaza da 'ya'yanta ba saboda fitilun birni, shi ne mutum na farko da ya cancanci wannan hoto, ba baƙon da zai danna alamar so ya wuce ba. Sha'awa irin wannan kuma takan yi nisa in ta samu riƙo. A Senegal, Maram Kaire ya fara ne da kallon sama yana yaro. Daga baya shi ya jagoranci haɗin gwiwa da hukumar NASA a 2018 da 2020 da 2021, inda aka baza madubai a karkara don auna wasu duwatsun sama, har aka raɗa wa ɗaya daga cikin irin waɗannan duwatsu sunansa a 2021.

Saura wuri ɗaya da sharaɗin gaskiya ke karo da wani abu da ya fi shi. Na ce a faɗi inda aka ɗauka, amma kudancin Madawa ba wurin da mutum zai yi shelar inda yake kwana shi kaɗai da waya mai tsada ba ne. Tun 2021 Bangi ke karɓar 'yan gudun hijira daga jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga. Waya takan rubuta ainihin wurin da aka tsaya a cikin fayil ɗin hoto, kuma in aka tura shi a matsayin takarda, bayanin na tafiya tare da shi. Sunan gunduma ya isa ga jama'a. Takamaiman wuri a ba wanda ke da bukatarsa, mai karɓar shaidar wata ko mai bincike, kuma kada a saka hoto sai an dawo gida. Wanda zai fita bayan gari da dare da ƙarfe mai ƙafa uku a kafaɗa, ya sanar da maigari tukuna, domin daga nesa ba kowa zai ɗauka kyamara ce ba.

Kyamarar da ke tara hasken taurari kuma tana tara na tsakar gida. A bazara kowa waje yake kwana, mata da yara da tsofaffi, sun dogara da cewa dare sutura ne. Daƙiƙa ashirin daga kan soro ko daga bisa tudu na iya fito da abin da idon mai ɗauka ma bai gani ba sai da ya duba waya. Masu gwaninta na son a sa rumbu ko katanga ko hasumiyar masallaci a ƙasan hoto don ya yi kyau, kuma yana yi. Amma in gidan mutane ne, sai da yardar maigida, in kuma mutum ya fito a ciki, ko inuwarsa ce, a goge hoton ko a nuna masa kafin kowa ya gani. A wannan ban yarda da wani uzuri ba, ko da daren ne sama ta fi kowane dare kyau a shekara.